Ƙeyar Muktari Ɗan Kabu-kabu

Muktari mutumin Kalfu ne. Ya shigo Tawa da tsohon moto, wato babur, da kan da ya fi ƙarfin hularsa, ya kama sana'ar kabu-kabu a bakin tasha. Tsohuwa in ta hau bayansa, salati take farawa tun daga kasuwa, kafin ta kai ƙarshensa ya dire ta a ƙofar gida.

Ƴan kabu-kabun garin suna da wata tsohuwar al'ada tun zamanin mobilet, ƙaramin babur ɗin nan mai feda. Kashegarin babbar Salla, nama ya cika ciki, hankali ya ragu, sai su yi tsere. Daga tasha ake tashi, a kutsa lungunan tsohon gari, a yi ta kewayawa a dawo. Shekara da shekaru Muktari ke cinyewa, har ya sha ruwa ya wanke fuska kafin na biyu ya ɓullo.

Sai dai ba a cika yaba masa ba, kuma da dalili. A Tawa ba a wuce ƙofar suruki bisa abin hawa. Dole ka kashe moto, ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka gaida shi, sannan ka tura abinka da ƙafa har ka sha kwana. Duk magidancin da ke cikin tseren yana da irin wannan ƙofa a hanya. Isuf da Almustafa, waɗanda suka fi kowa iya tuƙi bayan Muktari, ƴaƴan Baba Dodo mahauci suke aure, shi kuwa tsohon nan da gangan yake fito da tabarmarsa bakin lungu ranar tsere. Muktari tuzuru ne, baƙo kuma, ba shi da wanda zai durƙusa wa. Mutane suka ce ba gudu ya iya ba, rashin mata ke tura shi. Maganar tana cin ransa, ko da yake dariya yake yi.

Ana nan sai ya faɗa son Zuhura, autar Baba Dodon, mai ɗinki a zaure. Ita ma ta yi na'am, amma da ya yi zancen turo manya sai ta ajiye almakashi ta dube shi.

"Baba ya ce bai san huskarka ba. Ƙeyarka ɗai ya sani, ita ko ba ya ba ta ɗiya tai."

Muktari ya rasa abin da ke masa daɗi. In ya wuce tsohon a guje ya rasa Zuhura, in ya bar tseren kuma an tabbatar da abin da ake faɗi a kansa. Ya yanke shawarar ya ba sauran ƴan tseren ratar da za ta ishe shi tsayawa gaida tsohon.

Ranar kam ya yi tuƙin da har yau ake labari. Ya ratsa tsakanin turken rago da tukunyar mai waina ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. Ya kwanta da moto a kwanar masallaci har gwiwarsa ta share ƙasa. Kafin ya kai lungun Baba Dodo, ko ƙarar na bayansa ba ya ji. Yana isa bakin lungun ya taka birki, ya kashe moto, ya tuɓe takalmi, ya zube gaban tabarma.

Baba Dodo bai yi gaggawa ba. Ya tambaye shi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Kalfu gida gida. Ya so ya ji yadda hatsi ya yi bana, da ko rijiyar bakin kasuwarsu tana nan. Muktari yana amsa lahiya lau, gumi yana bin bayansa, don ya fara jiyo motoci suna matsowa. Ƙafarsa ta yi ta motsi ita kaɗai kamar mai neman giyar moto, amma bai ɗaga kai ba.

Isuf da Almustafa suka iso. Ba halin wucewa, ba kuma halin katse gaisuwar wani, sai suka sauka suka durƙusa bayansa suna hararar ƙeyar nan da suka saba gani.

Tsohon ya ɗago haɓar Muktari da yatsa, ya daɗe yana kallo.

"Ashe huskar ba ta kai munin da ni ka zato ba. Ka turo manyanka. Tashi ka ida abinka, waɗanga ina da magana da su."

Muktari ya tura moto da ƙafa har kwana, idonsa cike da ƙwalla, ya manta takalminsa a wurin. Haka ya isa tasha ƙafa tsirara, shi kaɗai, ya ci tseren.

Wannan ne cinsa na ƙarshe. Bayan biki ya shiga sahun masu durƙuso, kuma Baba Dodo ya fi daɗewa a kansa fiye da kowa. Duk shekara sai ka gan shi tsugune bakin lungu, wani sabon tuzuru yana wuce shi a guje, Zuhura na leƙowa daga zaure da goyo tana ƙyalƙyala masa dariya.