Hoton Cilakowa a Kogon Kanya

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya cikin shekarun aikina in warware shi, da hoton nan na bangon ofis zan zaɓa, wanda ya nuna uwar cilakowa da 'ya'yanta a cikin kogo. Ku da kuka shigo aikin bayanmu kun sha tambayata yadda na ɗauke shi, ina ta kauce muku. Yanzu da na ajiye aiki, gara ku ji daga bakina, don ranar ba ta taɓa fita raina ba.

A lokacin ni ƙaramin malamin daji ne a wajen Kebbe. Ga wanda bai sani ba, aikin malamin daji shi ne zagaya gandun daji, ya hana sare itace ba izini, ya hana cinna wuta, ya kai rahoto ga na sama da shi. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san daji. A farkon wata damina shugabanmu ya tara mu a Tambuwal, ya ce za a buga kalandar wayar da kan jama'a, ana son hotunan dabbobi da tsuntsayen yankin. Kyamara ɗaya ce, ni aka damƙa wa.

Na ɗauki kurege, na ɗauki bushiya, na ɗauki shamuwa bisa sheƙarta. Sai Baba Mamman, wani dattijo da gonarsa ta yi iyaka da gandu, ya nuna mini tsohuwar kanya a bakin fadama. A jikinta akwai kogo, an yaɓe bakinsa, an bar wata 'yar tsaga da yatsa kaɗai zai shiga. Haka cilakowa take yi. In za ta yi ƙwai sai ta shiga kogo ta toshe kanta a ciki, ba ta fitowa sai 'ya'ya sun yi ƙwari. Namijin ne ke ciyar da su ta tsagar.

Kowace safiya nakan zauna bayan wata sabara ina kallo. Namijin ya zo da fara, ya miƙa, baki ya karɓa daga ciki. Ya koma ya zo da tsutsa, wata ran ɗan ƙadangare. Da farko shiru kogon yake. Daga baya na fara jin wani siririn kuka, kullum yana ƙara kauri. Baba Mamman yakan ajiye fartanya ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Malamin daji, ka ga magidanci," in ji shi. "Shina ta wahala a kan ɗiya, ko ganinsu bai taɓa yi ba."

Da na kai hotunan Tambuwal, shugaba ya duba su a jikin kyamarar ya ce, "Wannan ai baki ne da rami. Ina ɗiyan?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, suna ciki."

Ya ce, "To, da an samu na ciki, shi za a sa a gaba. In ba a samu ba, ba komai."

Ku lura, bai umarce ni da komai ba. Kalmar "a gaba" ce ta bi ni har gida.

Na zaɓi ranar da Baba Mamman ya tafi kasuwa. Na jingina babur da kanyar, na taka, na sa wuƙa na fara ɓamɓare yaɓen. Taurinsa ya ba ni mamaki, kamar ƙashi. Da na buɗe sai ga uwar a maƙure. Gashin fukafukanta da na jela duk sun zube, tana kwance a kansu, ƙananan kuma jajaye a ƙarƙashinta. Na yi zaton za ta tashi. Ashe ba ta da abin tashi. Ta dai buɗe baki tana kallona, na ɗauki hoton. Namijin yana kan wani marke kusa, da fara a baki.

Ban damu ba, don ina da dabara. Ni da na yaɓe ɗakina da hannuna, bakin kogo ne zai gagare ni? Na ɗebo laka a fadama, na kwaɓa, na yaɓe, na bar tsaga daidai yadda na same ta. Kafin la'asar namijin ya dawo yana miƙa abinci. Na yi hamdala na tafi.

Washegari Baba Mamman ya tsaya gindin kanyar ya daɗe yana duba sama.

"Wa ya taɓa mata gini?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Amma na gyara."

Ya ce, "Ka gyara." Ya kalli gabas inda hadari ke haɗuwa. "To, Allah shi sa ruwa shi jinkirta."

Bai jinkirta ba. Da dare aka yi ruwa mai ƙarfi da iska, irin wanda ke dukan itace ta gefe. Da na zo da safe, lakata tana ƙasa ta narke, bakin kogon a buɗe. Abin da ya rage na yaɓen uwar a gefe yana nan daram. A jikin kanyar akwai kartar faratan guza, daga gindi har sama. Na taka babur na leƙa. Gashi kawai na tarar.

Muna tsaye da Baba Mamman sai ga namijin da fara. Ya sauka bakin kogon, ya miƙa, ya jira. Ya tashi, ya zagayo, ya sake miƙawa. Baba Mamman bai zage ni ba. Ya ɗauki fartanyarsa, ya nuna tsuntsun ya ce, "Kai ka faɗa mishi. Ni ba ni iyawa."

Kwanaki tsuntsun yana zuwa. Kyamarar tana rataye a wuyana, ban ɗaga ta ba.

Kalanda ta fito da hoton a gaba. Shugaba ya yaba mini a gaban abokan aiki, na karɓi yabon. Baba Mamman bai faɗa wa kowa ba har ya rasu, kuma bai sake nuna mini sheƙa ba.

A aikin nan an koya mana tsare daji daga mai gatari da mai ashana. Ba wanda ya gaya mini cewa mai kaki irinmu ma abin tsaro ne, don shi ba wanda zai ce masa tsaya. Yanzu kowannenku yana da waya mai ɗaukar hoto a aljihu, damina kuma ta kankama. In kun ga kogo a yaɓe, ku nemi sabara ku zauna nesa. Ku ɗauki bakin da ramin, ya isa. In aka tambaye ku ina 'ya'yan, ina roƙonku ku ce suna ciki, ku bar su a cikin.