Gilashi Uku a Hannun Baba Ila

Ni ce mai buga takardu a sashen kula da motoci na ma'aikatarmu a nan Kaduna, kuma cikin duk abin da nake bugawa babu wanda na tsana kamar takardar tuhuma, wadda direbobi ke kira kweri. Dokar a fili take. Direban da ya karɓi uku a kan mota ɗaya sai a karɓe makullinsa, ya koma benci a gindin dogonyaro, inda marasa mota suke wuni suna korar ƙuda har a tashi. Ba a kore ka ba, ba a kuma ba ka aiki ba, amma duk wanda ya shigo ƙofar ma'aikata kai zai fara gani.

Baba Ila bai taɓa ɗora mazaunansa a kan bencin nan ba, ko da wasa. Shekara talatin da uku yana tuƙin gwamnati, saura biyu ya yi ritaya, kuma fayil ɗinsa shi ne mafi siranta a kabad ɗina. Gajeren mutum ne mai farin gemu, daga unguwar Kinkinau yake fitowa, bakwai na safe tana yi masa a bakin mota. Kullum da tsumma a aljihunsa, har muna tsokanarsa cewa ko hannu ka miƙa masa sai ya goge kafin ya karɓa. Daraktoci bakwai ya tuƙa, wasu ma da mota ɗaya, wata tsohuwar Fijo da yake ba da labarinta kamar 'yar uwarsa da ta rasu. Tarbiyyar da ya samu wurin tsofaffin direbobi ita ce, a cikin mota direba ba ya fara yi wa maigidansa magana, kuma ba ya nuna masa ya fi shi sanin wani abu. "To, ranka ya daɗe" ita ce hirar Baba Ila ta shekara talatin.

A bazarar bara aka kawo wa daraktoci sababbin motoci. Ta Daraktanmu baƙa ce, doguwa, gilashin gabanta faffaɗa ya kwanto har kusan rabin rufi. Baba Ila ya zagaya ta sau uku, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ya taɓe baki. Sati uku da zuwanta, yana zaune a ciki yana jiran Darakta, ya ji ƙas. Tsaga ce ta taso daga gefen ƙasa, siririya kamar zare.

Malam Yahaya, shugaban sashenmu, mutum ne da bai yarda abu na lalacewa da kansa ba. Ya leƙa, ya ce dutse ne, Ila ya bi bayan tifa. Baba Ila ya rantse motar a tsaye take. Malam Yahaya ya ce to aljani ne ke nan ya jefe ta, ya juyo ya ce, "Hafiza, buga masa." Na buga, raina a ɓace. Da na miƙa masa sai da ya karanta sau biyu, ya ninke ta a hankali, ya sa a aljihu tare da tsumman.

Aka sa sabon gilashi. Bai yi wata biyu ba shi ma ya tsage, daga wuri ɗaya. Kweri ta biyu ke nan. A nan ne Baba Ila ya fara ramewa. Ranar Asabar ya tafi kasuwar Panteka wurin Idi mai gilashi, tsohon abokinsa, ya kwashe labari ya faɗa masa. Ranar Litinin ya zo ya tsaya a tagar ofishina yana maimaita mini, murya ƙasa-ƙasa kamar mai kawo gulma.

"'Yata, Idi ya ce ba dutse ba ne. Ya ce in dutse ne za a ga bakin inda ya sara. Wai gilasan yanzu ba su da kauri. Mota ta wuni a rana gilashi ya ɗau zafi, sai a zo a kunna esi, na'urar sanyin nan, a ƙure shi lokaci ɗaya, waje wuta ciki ƙanƙara. Ya ce ko dai in ajiye ta a inuwa, ko in sauke gilasan ƙofa iska ta ratsa, in riƙa ƙara sanyin kaɗan-kaɗan."

Na ce, "To Baba, ai magani ya samu."

Ya dube ni kamar na yi wauta, kuma wautar na yi. A ma'aikatarmu girman mutum ana gane shi ne daga kusancin motarsa da ƙofar shiga. Wurin Darakta yana daf da matakala, an rubuta muƙaminsa da fenti a ƙasa, kuma babu ko ganye ɗaya a kansa. Inuwa tana can baya, wurin motocin ƙananan ma'aikata. Ga shi Darakta ba ya sanar da fitowarsa sai saura minti biyar, kuma so yake ya tarar da mota ta yi sanyi kamar firji.

Baba Ila ya gwada dabara. Ya kai motar gindin mangwaro, kafin azahar wani mataimakin darakta ya cusa tasa a wurin da aka bari, aka kusa raba hali a sama, aka aiko a ce wa Ila kada ya sake. Ya samo kwali ya rufe gilashin, Darakta ya hango ta taga ya aiko masinja a tambaya ko motar gwamnati ta koma ta masu tallan doya ne. Ya koma zama a cikinta tun daga sha biyu, ƙofofi a buɗe, yana fifita da jarida, gumi na bin gemunsa. Wallahi ranar da na gan shi haka sai da na koma ofis na share hawaye.

Na ce masa, "Baba, ka gaya wa Darakta mana. Mutum ne fa, ba zai cinye ka ba."

"In ce masa me? In ce ranka ya daɗe, sanyin da kake so ne ke fasa motar gwamnati? Ni Ila?"

Haushi ya kama ni, na ce to ni zan faɗa wa Malam Yahaya. Na kuwa faɗa. Ya ce in mai gilashi a Panteka ya fi kamfanin da ya ƙera motar sani, ya rubuta musu, kuma ni aikina bugawa ne.

Gilashi na uku a hanyar Zariya ya tsage. Sun fito daga wani taro a Rigachikun inda motar ta sha rana tun hantsi, Darakta ya shiga yana tsaki, ya ce, "Ila, ƙure sanyin nan." Baba Ila ya ce hannunsa ya tsaya a kan maɓallin, ya buɗe baki har ya ce "ranka ya daɗe", Darakta ya ce "mene ne?", shi kuma ya ce "ba komai", ya murɗa. Ba su yi nisa ba gilashin ya amsa. Titi fayau, babu tifa, babu ko babur a gabansu. Darakta ya ɗago kai daga wayarsa ya ce, "A'a!"

Baba Ila ya dawo da fara'ar da na daɗe ban gani ba. Ya ce yau kam yana da shaida, maigida da kansa. Amma da Malam Yahaya ya hau sama ya tambaya, amsar da ya sauko da ita gajeriya ce. Darakta ya ce shi waya yake dubawa, a tambayi direba.

Kweri ta uku ke nan. Ana ba mutum damar mayar da amsa, kuma ni nake buga wa Baba Ila tasa. Na zaunar da shi, na ce yau sai mun rubuta komai, rana, esi, maganar Idi, har da "a'a" ɗin Darakta.

"Takardar nan teburinsa za ta je," in ji shi. "Ya ce bai gani ba. In na ce ya gani, na ƙaryata shi a rubuce. Sa dutse ne, Hafiza. Ki ce na bi bayan tifa."

Na yi masa faɗa kamar ba sa'an ubana ba. Ya kafe a kan dutse. Na buga, ya sa hannu, ya zaro makullin ya ajiye a kan teburina.

Jamaluddeen aka ba motar, magidanci mai 'ya'ya huɗu da ya daɗe yana jiran a ba shi ta darakta. Sati shida ya yi da ita gilashi na huɗu ya tsage, a tsaye, a gaban matakala, a idon masu gadi. Na fita da sauri har takalmina na fita, na nufi dogonyaro. Baba Ila yana ƙarshen benci, kaftaninsa a goge, hannayensa a kan gwiwa. Na ce, "Baba, gaskiyarka ta fito! Ya fashe a hannun Jamalu!"

Ya girgiza kai. "Allah sarki, bawan Allah. Kwerinsa ta farko ke nan." Ya matsa kaɗan, ya dubi filin da ya rage a kan bencin. "Koma ofis, 'yata, Malam Yahaya na neman ki."

Ina shiga na tarar da fayil ɗin Jamaluddeen a buɗe a kan teburina. Na Baba Ila kuwa yana kabad, babu wanda ya ce a ɗauko shi.