Daminar da Ganga Ta Yi Shiru

Cikin dukan kwanakin aikina, daga ƙuruciya har furfura, akwai wata Laraba da ba ta taɓa barin zuciyata ba, ranar da rubutun hannuna ya ƙaryata bakina. Tun da kun nemi labari, ku 'yan'uwana tsofaffin malaman gona da ku 'ya'yanmu da kuka gaje mu, wannan zan ba ku.

Na kama aiki a shekarun da arzikin man fetur ya fara kwararowa. Aka tura ni ƙasar Faskari, daga nan Ƙanƙara, na ƙare a Sabuwa. Ga wanda bai sani ba, malamin gona shi ne ƙaramin ma'aikacin da ke zagaya ƙauyuka a kan babur, yana koya wa manoma sa takin zamani da shuka sabon iri, ƙarshen kowane wata kuma ya rubuta rahoto ya kai wa jami'in da ke samansa. Kwafin rahotannina ban jefar da ko ɗaya ba, suna cikin adakata.

Da daɗewa bayan na yi ritaya, wasu masu ƙera wasannin kwamfuta suka ɗauke ni aiki. Suna shirya wasan dabara ne a kan ƙauyukanmu na wancan zamani. Mai wasa shi ne mai gari, shi zai yanke abin da za a shuka, da inda za a haƙa rijiya, da yadda za a cika rumbuna, damina bayan damina. Muƙamina shi ne mai tantance tarihi. Ƙa'idar kuwa ita ce duk damina guda da suka gama tsarawa sai a nuna mini, in rubuta gyara, in an gyara in sa hannu. Abin da ban sa wa hannu ba, ba ya fita.

Shugabarsu Injiniya Hadiza ce, mace mai natsuwa da ƙarancin magana. Mai tsara dokokin wasan kuwa Nura, magidanci mai tsokana, wanda ya mayar da ni kakansa tun ranar farko. Na ara musu rahotannina, na kuma yi musu gyara mai yawa. Sun rufe kowane ɗaki da kwano, na ce a mayar da jinka, a bar kwano ga gidan mai gari da na wani falke. Sun cika gonaki da masara, na ce dawa da gero da auduga ne suka riga ta. Ba su taɓa musa mini ba, ni kuma, ba na ɓoye muku, na riƙa jin kaina.

Sai aka zo kan gayya. Nura ya sa ta a maɓalli guda, da ka danna sai majiya ƙarfi su cika gonarka. Ya ce, "Baba, ashe lokacinku aljanna kuke ciki. Danna kawai, a nome maka, kai kana kwance gindin ɗorawa!"

Na ce, "Kai dai da ka zo lokacin, da yunwa ta kashe ka, don babu mai amsa gayyar malalaci." Na bayyana masa cewa goro ake rabawa a gayyato mutane, mai gona ya tanadi fura da tuwo, makaɗi ya zo da gangar noma yana kiran sunan kowane saurayi da na ubansa. Wanda bai je gonar wani ba, ranar tasa sai dai ya yi huɗa shi da inuwarsa. Suka gyara. Har suka je bayan Yargoje suka samo wani tsohon makaɗi, suka naɗo gangarsa. Ranar da na ji ta ta tashi daga kwamfuta, sai da na cire tabarau na goge.

A ranar Larabar da nake ba ku labari, damina ta huɗu aka kawo mini, wadda tantan, wato motar noma, ke shigowa gari. Injiniya ta tambaye ni, "Baba, bayan zuwan tantan yaya gayya ta kasance?"

Na ce, "Tana nan daram. Mutanen da na sani ba su yar da al'adarsu saboda ƙarfe ba."

Ta buɗe wani rahotona da ya yi ja don tsufa, ta ajiye a gabana cikin ladabi. Rubutuna ne, a kan wata unguwa da ke bayan Sheme. Na rubuta cewa bana tantan ta yi huɗar manyan gonaki duka, ba a buƙaci gayya ba, samari da yawa sun tafi aikin gini birni. A ƙarƙashi kuma na ja layi biyu, na rubuta cewa wannan babban ci gaba ne.

Nan take ranar da tantan ta shiga unguwar ta dawo mini. Ni na rako tantan ɗin, ina gaba a kan babur, mutane na ta kallo. Sarkin Noman unguwar, wani dattijo mai suna Ɗanladi, ya zagaya ta sau biyu, ya dafa tayarta, sannan ya ce, "Malam, wagga aba taka ta iya aiki, babu shakka. Amma in na mutu, za ta zo gaisuwa?" Na yi dariya, na ce, "Baba, zamani ne." Ya ce, "To, Allah shi ba mu alherinsa." Daminar da ta biyo baya na ga makaɗinsu a tasha yana dako.

Na ɗago kai daga takardar. Injiniya ta ce, "Baba, wasa ne. In kana so mu bar gayya har ƙarshe, za mu bari. Masu wasa ma za su fi son haka, kuma babu wanda zai ga wannan takarda. Kai ne mai sa hannu."

Ku duba abin da aka miƙa mini. Da alƙalamina zan iya mayar da unguwar nan yadda nake mafarkinta, ganga ba ta yankewa, samari ba sa tafiya, ni kuma babu hannuna cikin komai. Jikokinmu da ba su ga zamanin ba haka za su ɗauka ya kasance. Wallahi na so hakan, na so shi ƙwarai. Na ce a ba ni lokaci in yi Azahar.

Da na dawo na ce wa Nura ya ɗauki takarda. Na ce, "In mai wasa ya kawo tantan, rumbunansa su cika, gama sun cika, kada a rage mata hakkinta. Matan da ke kwana biyu suna daka don ciyar da 'yan gayya su ma sun huta. Amma kowace damina masu amsa goro su ragu, ganga ta riƙa yin nisa. Ranar da tantan ta lalace, ya danna gayya, kada kowa ya zo."

Nura ya ce, "Haba Baba, wannan ai mugunta ce. In kuma ya ƙi tantan fa?"

Na ce, "Garin maƙwabta su fi shi amfani, samarinsa su tafi duk da haka. Mu ma ba a ba mu hanyar da babu hasara ba."

Suka tsara shi haka, na duba, na sa hannu. A ƙasan takardar na ƙara da cewa malamin gonar da ke rako tantan a sa shi a kan babur, yana murmushi, gama haka yake.

Abin da na koya shi ne, mai tantance tarihi ba matasa ne suka fi ba shi wahala ba. Kuskurensu na rashin sani ne, da ka nuna musu sun gyara. Tsohon da ya ga abu da idonsa kuma yake begensa, shi ne abin tsoro, don ƙaryarsa shi ma ya yarda da ita. Ku masu zagaya ƙauyuka yanzu, ku rubuta abin da kuka gani, ku adana, wata rana shi zai tsare ku daga kanku. In kuma wani dattijo ya yi muku tambayar da ta ba ku dariya, ku rubuta ta ita ma. Tambayar Sarkin Noma ba ta cikin ko ɗaya daga rahotannina.

Sun ba ni wasan a waya, Nura ya koya mini dannawa. Nakan buɗe shi bayan La'asar, in raba goro, in saurari ganga tana kiran samari. Kullum Nura yana tsokanata wai Baba ya kasa wuce damina ta uku. Ba kasawa na yi ba. Na san wanda ke tahowa a kan babur a ta huɗu.