Anti Jamilatu da Kogon Bayan Hanci

Ƙarfe shida da rabi Anti Jamilatu ke fitowa daga gidanta a unguwar Ulaisha ta Riyad, da fulas ɗin shayi mai kanumfari. Kafin marasa lafiya su fara layi ta riga ta zauna a ɗakinta mai ƙarancin haske, inda hotunan cikin kawunan mutane ke shuɗewa a allo, fari da toka-toka, kamar gajimare. Bahaushiyar Sudan ce, haihuwar Mai Wurno. Shekara ashirin da biyu tana ɗaukar hoton sikan a wani asibiti a Riyad, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Can bayan hanci, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, akwai ƙashi mai siffar malam-buɗe-littafi, a cikinsa kuma ɗan kogon iska. Kogon nan take ƙauna. Takan ce na kowa daban Allah ya gina, wani ɗaki ɗaya, wani har da lungu. Idan na ɗan Sudan ya saɓa wa zanen littafi, sai ta zana shi da fensir, tana murmushi kamar ta hango rufin garinsu.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ina wurin ranar da za a yi wa wani malamin makaranta ɗan Sudan aiki ta hanci. Dakta Usaid, likitan fiɗa, ya sa hular fiɗa ke nan Anti ta shigo da hoton sikan ɗin malamin.

"Likita, don Allah dakata. Dubi nan. Jijiyar ganinsa ta cikin kogon ta ratsa, ba ƙashin da ya rufe ta."

"Rahoton sikan bai faɗa ba, Anti."

"Bai faɗa ba. Amma ga ta."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hular, ya sake tsara aikin. Bayan mako biyu malamin ya dawo, ya zauna yana karanta jarida da idonsa biyu. Har yau bai san sunanta ba.

Anti, ke ce mai ido a inda haske ba ya kaiwa. Ba ki taɓa riƙe wuƙar fiɗa ba, amma hannuwa nawa kika tsayar kafin su yi kuskure? Mun gode. Allah ya saka, ya zaunar da ƙasarku lafiya, ki koma ki huta.

Ku kuma masu zama gaban allo, ku ƙara minti ɗaya kafin ku kira na gaba. Wataƙila idon wani na cikin mintin nan.