Ministan Jamus Mai Katafila

A tashar Utako har yau akwai masu rantsuwa cewa taubashina Sale tsohon minista ne a ƙasar Jamus. Wai kotu ta ɗaure shi kan laifin yaƙi, ya gudo cikin buhun siminti, rana ta gasa shi a hanya, shi ya sa ya yi baƙi. Ƙarya ce tsagwaronta, ni na ƙaga ta. Sale ko Zuba ya je sai ya yi zazzaɓin kewar gida.

Direban katafila ne. Da farar hula suka dawo mulki, Abuja ta shiga cin ƙauyuka kamar gara, shi ake turawa rusau. A shafa jan fenti a bango, Sale ya zo ya ture. Gidajen da ya rushe sun fi gashin kansa yawa, tun ma kafin ya yi sanƙo. Kowa ya yi masa kuka amsarsa ɗaya: "Oga ne ya ce."

'Yarsa Kausar ce ta jawo masa sunan. Tana karatun lauya a Bwari, ta ba shi labarin wani ministan Jamus da aka gurfanar bayan yaƙin duniya na biyu. Ya ce shi umarni ya bi, alƙalai suka ɗaure shi duk da haka. Sale ya tsame hannu daga tuwo, bai koma ba. Ina wurin, tun ranar na laƙaba masa Minista.

Yanzu ya tsufa, baya ya ƙage, birnin da ya share wa fili ba shi da ko ɗaki a ciki. Ya je wani ƙauye bayan Bwari neman inda zai kafa bukka. Ashe mai raba filin Mato ne, manomin doyar da ya taɓa rushe wa gida. Su Mato a tsakar gida suke binne manyansu. Ranar rusau Sale ya bi ta kan kabarin uban Mato, ya ɗauka tudun doya ne.

Mato ya dube shi ya ce, "Kai ne mai katafila. Oga ne ya ce, ko?"

Sale ya ce, "Oga ya ce a rushe. Amma ƙafata ce ta taka."

"Babana yanzu yana ƙarƙashin gidan mai," in ji Mato. "Zan ba ka fili, can gindin dutse. Ka zauna. Duk motar da ta wuce ka riƙa ɗaga kai ka ga ko katafila ce, kamar mu."

Da ya dawo na tare shi: "Ranka ya daɗe, Minista, shekara nawa aka yanke maka?"

Ya zauna da kyar, yana dafe da ƙugu. "Rai da rai. Amma ni na tsaya gaban alƙalina. Kai da kake bin bayana kana tsince kwanon rufin mutane kana sayarwa a Utako, yaushe ne zaman taka shari'ar?"