Mazarƙwailar da Aka Ce Kada in Ɗanɗana

Shekarun baya can, lokacin ina dafa mazarƙwaila a gonar rakenmu da ke hanyar Makarfi, akwai wani Ba'indiye mai gyaran injin ban-ruwa da ke zuwa saye duk Alhamis. Hausarsa a karye take, amma ana ganewa. Sharaɗinsa ɗaya ne: zubin farko yake so, kuma kada kowa ya ɗanɗana.

To a nan hankalina ya ƙi kwanciya. Mu a wajenmu mai kaya ne ke fara gutsura ya ci a gabanka, don ka san ba cuta. Shi kuwa da ya ga na kai baki sai ya ce, "A'a Malam, bar wannan, kawo wata." Na gaya wa mahaifiyata, ta ce, "Ka yi hattara. Mai neman zubin farko, albarkar sana'arka yake so ya kwashe." Shi ke nan, ko wuta ce ta ƙi ci, shi nake zargi.

Sai na ɓullo da dabara, wai ni mai wayo. Kafin ya iso sai in lashi gefen dunƙulen, in tofa addu'a, in naɗe. In ya tambaya in ce, "Ba wanda ya taɓa." Kusan wata biyu ina wannan aikin.

Wata Alhamis sai ga shi da alewa a ɗan kwano, yana ta fara'a. Ya ce 'yarsa ce ta tashi daga doguwar jinya can ƙasarsu. Wai a addininsu ana ajiye abinci a gaban abin bautarsu kafin ya taɓa bakin kowa, daga baya a raba wa mutane. Da mazarƙwailata yake yin alewar, ga rabona ya kawo.

Na ce, "Allah ya ƙara mata lafiya. Amma ka yi haƙuri, mu Musulmi ba ma cin abin da aka miƙa wa wanin Allah."

Nan take ya rufe kwanon. "Ba komai, Malam. Ba zan sa ka ci abin da addininka ya hana ba. Kai ma ai ka kiyaye mini nawa."

Wallahi kunya ta rufe ni, na kasa haɗa ido da shi. Har ya gama aikinsa ya bar yankin ban iya gaya masa ba.

Alewar dai ko yau aka kawo mini ba zan ci ba. Abin da ke cina shi ne, wata biyu ina gadin kaina daga macuci, ashe a cikinmu ni kaɗai ne na yi ƙarya.