Kofin Liman a Rumfar Alhaji Isiyaku

Ina ofis da hantsi wayata ta yi ƙara. Nasiru ne, babban ɗan Alhaji Isiyaku. "Kawu, Baba ya cika," in ji shi. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na rufe fayil ɗin da ke gabana, na kama hanyar Gwarinpa. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa.

Alhaji Isiyaku ogana ne a sashen tsara birni tun Abuja tana jar ƙasa da turaku, kuma shi ya koya mini aiki. Bayan dawowar mulkin farar hula ya yi ritaya, muka zama maƙwabta. Mutum ne mai tsare salla, mai tsare harshe. Amma akwai abin da aka daɗe ana ƙusƙus a kansa, kuma a ganina ɓoye maganar ba girmamawa ba ce.

Yana saurayi aka tura shi karatu arewacin Ingila, ɗakin da ya samu kuwa a saman mashaya yake, irin wadda suke kira fob. Bai taɓa ɓoye wannan ba, yana ma son ba da labarin. Ya ce gidan tsohon zango ne na matafiya, tun zamanin keken doki. A ƙofa an rataya allo mai hoton farin zakara, wai don mutanen dā ba su iya karatu ba, da hoto suke gane masauki. A ciki akwai murhu, da ƙararrawar da ake kaɗawa in za a tashi, da jerin ƙugiyoyi inda kowane ɗan gida ke rataye kofinsa. In mutum ya mutu, sai a kife nasa a bar shi a wurin.

Ranar farko, in ji shi, ya sauko ya bi mutanen ɗaya bayan ɗaya yana gaishe su, yana tambayar iyali, suna kallonsa baki buɗe. Sai ya hango kujera mai kyau kusa da wuta ba kowa a kai, ya zauna yana jira a zo a tambaye shi abin da yake so. Ashe kujerar wani direban keken doki ce da ya mutu tun kafin a haifi kakanninsu, an ce fatalwarsa na zuwa jin ɗumi. Tsohuwar da ke da gidan ce ta kama hannun rigarsa ta ɗaga shi, ta kuma sanar da shi cewa a nan ba a kawo wa kowa komai, ko ɗan sarki ne da ƙafarsa yake zuwa.

Suna da al'adar zagaye: yanzu wannan ya shayar da kowa, an jima wancan. Shi lemo kawai yake karɓa. Da layi ya zo kansa ya ce addininsa ya hana shi shayar da giya, ya hau sama ya dafo musu shayi. Suka yi ta dariya, amma suka shanye. Kafin hunturu ya wuce, tsohuwar ta rataya masa nasa kofin shayin cikin jerin. "Abin da ke cikin kofunansu haram ne, ban taɓa shakka ba," yakan ce. "Amma a can na ga an tafi neman tsoho har gida don an kwana biyu ba a ga ya sauke kofinsa ba."

Lokacin da Gwarinpa ta cika, gini na tashi ko'ina, kowa ya ja katanga ya sa waya a sama, abin ya dame shi. "Mun zana tituna mun manta da wurin zama," in ji shi, yana nufin mu ma'aikatan sashen. Sai ya kafa rumfa a ƙofar gidansa, ya sa benci da butar shayi, ya kafa allon katako mai ƙusoshi, kowane mai zuwa da kofinsa. Dokar wurin ɗaya ce: kowa da kansa yake zuba shayi, darakta ne ko maigadi. Ana zama bayan la'asar, dab da magariba ya kaɗa ƙararrawa a tashi a yi alwala.

Da ya yi shiru, da ba wanda zai ce komai, majalisa ce kamar kowace. Amma Alhaji ba ya iya ɓoye asalin abu. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ai daga fob ya kwaiko. Nan da nan aka sa wa rumfar suna mashayar Alhaji. Nasiru ya sha gori a kan wannan har ya girma. Limamin unguwa, Malam Sani, bai taɓa kama suna ba, amma ya yi wa'azi kan kwaikwayon mashaya, kuma in zai wuce sai ya tsallaka titi. Alhaji kuwa sai ya buga wata ƙusa, ya rataya sabon kofi ya ce na Liman ne. Kullum yana wanke shi tare da sauran.

Ana gobe addu'ar uku na tarar da Nasiru yana sauke kofunan cikin kwali. "Kawu, wallahi na gaji," ya ce. "Gobe Liman zai zo. Ba na son a yi wa Baba addu'a ana nuna allon nan da baki." Na ce masa gidansu ne, ba ni da iko, amma ya bari a watse tukuna. Ya mayar da su ransa ba daɗi. Na mahaifinsa ni na kife shi.

Washegari aka yi addu'a aka shafa. Mutane sun fara tashi, Malam Sani ya tsaya gaban allon ya daɗe yana kallo.

"Nasiru, an ce akwai nawa a nan. Wanne ne?"

Nasiru ya nuna. "Ga shi, Allah ya gafarta Malam." Ya miƙa hannu zai ɗauki buta.

"Bari," in ji Liman. "Na ji dokar wurin." Ya zuba da kansa, ya zauna a benci. "Ban taɓa juyowa da asuba na rasa mahaifinka a bayana ba. Ya kamata in faɗi wannan yana da rai."

Da yammacin ranar, dab da magariba, ina cikin gida na ji ƙararrawa. Na leƙo, Nasiru ne riƙe da igiyar.

Allah ya jiƙan Alhaji Isiyaku, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi daga tafkin Alkausara. Allah ya ba matarsa Hajiya da Nasiru da ƙannensa haƙurin wannan rashi, ya albarkaci bayansa. Mu kuma da kofunanmu ke rataye har yanzu, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.